Katin Malam a Ofishin Ƙadangaru

Daren jiya na yi wani mafarki. Amma kafin in faɗe shi, sai na faɗi abin da na kwanta da shi a raina.

Malam, mijina, wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Gyaran sikeli yake yi a kasuwar Malumfashi, a layin 'yan hatsi. Ya bar gidan nan, ya bar 'ya'ya huɗu, ya bar 'yan kuɗi a banki da katin cirarsu. Ƙaninsa Lirwanu, wanda yara ke kira Baffa, sau uku yana zuwa karɓar katin da wayar Malam, don a je a rufe asusun a raba gado. Zuwan farko na ce ban san inda na ajiye ba. Na biyu na ce kaina ke ciwo. Na uku na ce ya dawo ranar Laraba da hantsi. Jiya kuwa Talata.

Wayar tana ƙarƙashin matashina, ina sa mata caji kamar yadda ake ba akuya dusa. Duk bayan 'yan kwanaki sai ta yi ƙara. An cire hamsin. An cire ashirin da shida. An cire ɗari uku na wani abin da ba wanda ya san shi a gidan. Kowane saƙo da sunan Malam yake farawa. Ni kuwa shekara ashirin da shida muka yi, ban taɓa kama sunan nan da bakina ba, haka aka tashe mu. Yanzu ba mai ambatarsa a gidan nan sai wayar da takardar kuɗin wuta. Rumasa'u, 'yata ta biyu, ta zauna ta haɗa abin da aka tsinka, ta ce ya haura dubu goma sha ɗaya. Ita rabonta take jira ta sayi keken ɗinki, kuɗin keken kuma kullum hawa yake. Ta ce, "Inna, kuɗin marayu ne fa ake ci a gabanki." Na ce ta rage mini surutu. Da haka na kwanta.

A mafarkin hantsi ne. Ina tsakar gidanmu, amma an ja wa gidan layi-layi kamar takardar kuɗin wuta, tun daga bakin ɗaki har zaure, kuma a kan layi ake takawa. Famfonmu da ya shekara biyu bai kawo ruwa ba yana ta zuba. Na tara bokiti. Rasit ne ke fitowa, jiƙaƙƙu, masu sanyi. Na cika bokiti biyu, na ce ko ba komai a samu na wanke-wanke.

Mitar wuta da ke jikin bango ta yi gyaran murya.

"Ina kwana, Hansatu."

"Lafiya lau. Yaushe kika fara magana?"

"Tun da aka daina kawo wuta. Zaman banza ya ishe ni." Tana juyawa a hankali, tana taunar wani abu kamar goro. "An cire miki naira huɗu."

"Na me?"

"Na gaisuwa."

"Ai ke kika gaishe ni."

"Ke kika amsa. An ƙara huɗu, na musu."

Na yi shiru. Ta ce shirun ma da kuɗinsa, sai dai shi ƙarshen wata ake haɗawa. Ta ce in ina da ƙorafi in je Ofishin Tsinke-tsinke, kuma in tafi da yaron, kada ya farka bai gan ni ba. Na waiga, ashe katin Malam ne a bayana, na goya shi da zanen goyon Rumasa'u. Yana da ɗumi, yana numfashi a hankali. Ban yi mamaki ba. Na gyara ɗaurin na fita.

Sai ga ni cikin a-daidaita-sahu. Direban kuwa wata zabuwa ce mai tabarau. Keken a tsaye yake, titin ne ke gudu a ƙarƙashinsa, shaguna suna wuce mu suna ɗaga mana hannu. Kusa da ni wata tsohuwa ce riƙe da kwano an rufe da faifai.

"Iya, me aka dafa?"

"Inuwata ce. Na naɗe ta na zuba. In na bar ta a ƙasa, da la'asar tsawo take yi, kuɗinta ya ninka."

"Ba kya jin rana?"

"Ina ji. Amma rana sai baɗi za su sa mata mita, gara in sha tun tana kyauta."

Ta leƙa bayana, ta yi wa katin wasa da ɗan yatsa.

"Wata nawa?"

"Bakwai."

"Ya isa yaye."

"Bai isa ba."

"Haka kowa ke cewa," in ji ta, ta gyara faifanta.

Da titin ya tsaya, zabuwar ta juyo ta ce ita kuɗin inda ba a je ba take karɓa. Funtuwa ba mu je ba, ɗari biyu. Katsina ba mu je ba, ɗari biyar. Kano ma ba mu je ba, amma ta yafe mini don ta ga goyo. Na kwance gefen zanena na ba ta rasit uku jiƙaƙƙu, ta ba ni canjin ƙwai ɗaya.

Ofishin dogon bene ne, amma sauka ake yi a kai sama. Na sauka hawa uku, na leƙa ta taga, na hango rufin masallacin Juma'a can ƙasa, shirwa tana shawagi a ƙarƙashina. A ciki layi ne har ya naɗe kansa sau biyu. Dokar wurin, wanda ya zo ƙarshe shi ake fara sallama, saboda haka kowa baya yake ƙoƙarin komawa.

"Bismillah, Alhaji, wuce gaba."

"A'a wallahi, kai ne babba."

"Girma ai na Allah ne, daure ka wuce."

Wani mutum mai hular dara ya gaya mini shekararsa tara yana ja da baya, saura ƙiris ya kai ƙofa, sai wani ya shigo. Ni da na zo ƙarshe, nan take aka kira ni. Duk suka bi ni da kallo. Ba hassada a idonsu, tausayi ne.

Ma'aikatan ƙadangaru ne, kowanne a kan teburinsa, da biro a bayan kunne, duk da ba su da kunnen. Gyaɗa kai suke yi ba tsayawa, ko da magana ko babu. Wanda aka tura ni wajensa jan kai gare shi, da alama shi ne babba.

"Zauna, Hajiya."

"Ban je Makka ba."

Ya gyaɗa kai ya rubuta. "Rashin zuwa Makka, naira goma. Me ke tafe da ke?"

Na ce na zo ne a gaya mini abin da ake cirewa daga asusun mijina. Ya ja durowa ya kamo bakin wata takarda. Ta yi ta fitowa kamar rawani, har sai da ƙadangaru biyu suka ɗauki ƙarshenta suka fita da shi ta taga.

"Kuɗin kula da kati, hamsin."

"Ni nake kula da shi. Ga shi a bayana."

"Da rana ke nan. In kin yi barci mu ne."

Ya tura wata ƙofa da wutsiya. Ɗaki ne cike da 'yan ƙananan gadaje, katuna kwance a kai an lulluɓe su. Wata ƙadangaruwa tana yi musu fifita, wata tana ba su koko da cokali. Gado ɗaya babu kowa, an rubuta sunan Malam a samansa.

"Naku ci gare shi," in ji jan kan. "Ga fitsarin kwance. Hamsin ɗin ma alfarma ce."

Na ji kunya, na ba shi haƙuri. Ya rufe ƙofar ya ci gaba.

"Kuɗin saƙo, huɗu."

"Wane saƙo?"

"Wanda muka gaya muku mun cire hamsin."

"Wannan huɗun na ƙasa fa?"

"Na saƙon da muka gaya muku mun cire huɗu."

Na bi layin da ido. Huɗu, huɗu, huɗu, har ya fita ta taga ya bi iska.

"Wuta, dubu shida."

"Kwana goma sha tara ba mu ga wuta ba. A tambayi mitarmu, tana magana."

"Amma kun yi ta tunaninta. Tunanin muka kiyasta. Ruwa, dubu ɗaya da ɗari biyu, na wanda zai zo. Labarin ƙwallo, ɗari uku duk mako."

"Malam bai taɓa kallon ƙwallo ba. Ko yara suka buga ta shigo gida, sai ya tambaya ta waye."

"Shi ya sa muke turo masa, kada a bar shi a baya."

Daga nan ya rage murya, ya matso da takardar kusa da hancinsa.

"Kofin shayi na biyu, wanda kike fitowa da shi da safe sannan ki mayar. Wannan ba ma karɓar komai, mun dai rubuta. Juyowa hagu a kan gado a ce, ka ji? Shi ma mun dai rubuta. Ajiye masa tsokar nama a gefen tukunya ranar Juma'a..."

Na ja mayafina na rufe fuska. Na ce ya isa.

"A tsayar," na ce.

"Duka?"

Katin ya motsa a bayana, na jijjiga shi.

"A tsayar da cirewar, a bar saƙon."

"Babu saƙo sai da cira, Hajiya. Ɗaki ɗaya suke kwana."

"To a tsayar duka."

"Abu mai sauƙi, ko sisi ba a biya. Faɗi sunan mai asusun."

"Malam."

"Malam muna da miliyan tara da ɗari biyu. Wanne?"

"Baban su Rumasa'u."

Ya gyaɗa kai yana jira.

"Mai gyaran sikeli. Na layin 'yan hatsi. Dogo ne, da ɗan tabo a girar hagu, ba ya shan fura da sukari."

"Wannan kwatance ne. Kuɗin kwatance naira ashirin ne."

"Ga shi nan a rubuce a takardarku."

Na ɗora yatsa a kan sunan. Haruffan suka watse kamar tururuwa, suka gangara ƙafar tebur suka shige rami.

"To a kira Lirwanu ƙaninsa ya faɗa."

"Ba shi ya goyo ba."

Na ce masa, cikin ladabi, mace ba ta kama sunan mijinta. Uwata ba ta yi ba, kakata ba ta yi ba, ba a kaina za a fara ba.

"Ai suna nan," in ji shi, ya nuna layin da wutsiya.

Na duba. Ga innata, Allah ya jiƙanta, da kakata a bayanta, suna ja da baya a hankali. Innata ta goyo rediyon babana. Kakata ta goyo sanda da buta. Suka ɗaga mini hannu, kakata ta nuna mini wani gurbi kusa da ita da ta tanadar mini.

Wayar Malam ta yi ƙara a ƙirjina.

Sai ga ni a wata fadama bayan ofishin. Ciyawa kore shar. A tsakiya keken ɗinki ne baƙi mai zanen ruwan zinare, tsaye da ƙafa huɗu yana kiwo kamar saniya. Sama ta cika da 'yan tsuntsaye irin jan baki masu cin gero, kowanne da lamba a ƙirji. Wannan hamsin, wancan huɗu, wancan ashirin da shida. Duk ƙarar da wayar ta yi, sai ɗaya ya sauko ya ciri noti daga jikin keken ya tashi da shi. Wani ƙato mai ɗari uku ya zo ya ɗauke bel. Ba su da hayaniya. Da natsuwa suke yi, kamar masu tsintar kuɗin liƙi a biki.

Rumasa'u tana zaune a gaban keken a kan kujerar tsugunno. An riga an tafi da allura, an tafi da abin takawa, amma ƙafafunta suna ta hawa da sauka a kan iska.

"Rumasa'u, kore su mana."

"Ba sa jin korata, Inna. Ke suke ji."

Na ɗaga hannu zan kora, wayar ta yi ƙara, sai na tsaya in duba sunan. Kafin in ɗago an tafi da kan keken gaba ɗaya, tsuntsaye takwas suka taru suka ɗauka.

"Kada ki damu," in ji ta. "Na koyi ɗinki ba keke. Ga rigar Sallarki na gama."

Ta miƙo mini hannuwa biyu, babu komai a kai. Na karɓa da hannu biyu. Na kara a jikina, na ce ta yi kyau, wuyan ma ya zauna. Ta yi murmushi irin na babanta, ta sunkuyar da kai ta ci gaba da takawa.

Na yi ta tafiya cikin ciyawar, rigar a kafaɗata, har na kai wata bishiyar darbejiya da ta yi 'ya'yan duwatsun awo, ƙanana da manya, suna lilo suna bugun juna a hankali. A gindinta Malam ne zaune a kan buhu, da rigar aikinsa mai ruwan ƙasa, wadda na bayar sadaka bayan arba'in. Sikeli ne a cinyarsa yana gyara. Bai ɗago ba.

"Hansai."

Shi kaɗai ke kirana haka.

"Na'am, Malam."

Na tsuguna gefe kamar yadda na saba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kin rame."

"Kai kuma ka yi ƙiba."

"Ba a kawo takardar wuta a nan. Miƙo in gani."

Ban san ina riƙe da doguwar takardar ofishin ba, sai na gan ta a hannuna, ta naɗe kanta kamar tabarma. Ya warware ta a kan gwiwa, ya lashi ɗan yatsa, ya fara bi layi-layi, kamar yadda yake yi duk ƙarshen wata a bakin ƙofar ɗaki, ina tsinkar zogale ina jin sa.

"Wannan namu ne. Wannan ba namu ba ne. Wannan ba namu ba ne. Wannan na maƙwabta ne. Wannan kam ko na aljanu ne."

Duk wanda ya ce ba namu ba ne, sai ya faɗo daga takardar kamar busasshen ganye. Kafin a jima ganye ya rufe mana ƙafafu.

"Wata bakwai, ba ki kai ko ɗaya a gyara ba?"

"Aikinka ne."

"Na sani."

"In na kama yi, ka ga ke nan..." Ban ƙarasa ba. Shi ma bai ce in ƙarasa ba.

Wayar ta yi ƙara. Daga can ofishin lasifika ta kira sunansa, na ji shi kamar daga ƙarƙashin ruwa. Malam ya ajiye sikelin, ya dafa gwiwa ya miƙe, gwiwar ta yi ƙara kamar da. Ya ce, "Na'am." Ya taka har tagar ofishin, wadda ta matso kusa don ta rage masa tafiya, ya dangwala yatsa a wata takarda, ya dawo ya zauna yana haki.

"Kullum haka kake yi?"

"Duk sanda aka cire. Wani lokacin na samu barci mai daɗi ke nan, sai a kira. Na huɗu-huɗun nan su suka fi yawa."

"Ni na ɗauka..."

"Kin ɗauka gaishe ni suke."

"Ba mai kiran ka a gidan in ba su ba, Malam. Yara Baba suke cewa, su ma sun rage. Abokanka marigayi suke cewa."

"Ƙadangare ne fa, Hansai. Bai san ni ba. Ko jana'izata bai zo ba."

Na yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, na goge da mayafi. Ya bar ni har na gama. Sannan ya karkata kai irin yadda yake yi in zai tsokane ni.

"Anya ma kin san sunan kuwa?"

"Haba, Malam."

"Ranar da aka kwantar da ni asibiti, nas ta tambaye ki suna, ina ji. Kika tsaya kina kallon silin kamar za a yi ruwa a ɗakin. Sai da Lirwanu ya dawo daga sayen magani."

"Na san shi. A ciki nake faɗa."

"Sau nawa?"

"Kullum."

Ya kama gyaran allurar sikelin, alhali lafiyarta ƙalau.

"In na faɗa, wayar za ta yi shiru," na ce.

"Za ta yi."

"Takardar wuta ta zo da sunan wani."

"Da naki. Ki riƙa bi layi-layi, ko da a hankali ne, ko da yini za ki yi. Wanda ba ki gane ba ki sa mayafi ki je ki tambaya, kuma kada ki ba su haƙuri. Mai kunya suke so."

"Ba za ka ji haushi ba? In kama sunanka gatsau, kamar wata marar gidan kirki?"

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Shekara ashirin da shida ina so in ji yadda yake a bakinki. Kunya ta hana ni tambaya."

Duwatsun awon suka yi ta bugun juna a samanmu. Wata iska ta zo ta kwashe ganyen da ke ƙafafunmu ta yi gabas da su.

"Juyo," in ji shi.

Na juya masa baya. Ya kwance zanen goyon da hannunsa, a hankali, kamar yadda yake sauke mini yara in sun yi barci. Ya ɗora katin a tafin sikeli ɗaya, ɗayan tafin babu komai. Allurar ta yi rawa ta tsaya cak a tsakiya.

"Kin gani? Ba na ciki."

Ya miƙo mini. Sanyi ƙalau, ba numfashi. Roba ce, gefe ɗaya ma ya ɗan tsage. Bayana ya yi sakayau, iska tana shiga inda zanen yake.

"Keken yarinyar nan," ya ce, yana mayar da tabarau, "a duba ƙafarsa kafin a biya. In yana rawa a ƙasa, a sauya. Kada Lirwanu ya zaɓa, bai san ƙarfe ba."

Na buɗe baki in tambaye shi ko ana ba shi abinci a kan lokaci.

Sai ga ni a gaban teburin jan kan. Layin mutane ya tsaya da ja da baya. Tsohuwar nan mai kwano tana bakin ƙofa, ta ɗaga faifanta, inuwarta ta leƙo tana kallo. Innata ta kawar da kai. Kakata ta rufe bakinta da tafin hannu, amma idonta yana kaina, kuma ban ga faɗa a ciki ba. Ta taga na hango tsuntsayen sun jeru a kan waya, kowanne da notinsa a baki, suna jira.

Na ajiye katin a kan tebur. Ƙadangarun duka suka daina gyaɗa kai. Ban san haka wurin ke da shiru ba.

"Sunan mai asusun, Hajiya."

Na ji shi yana tasowa tun daga cibiyata, mai nauyi, mai santsi, kamar ƙaramin dutsen awo da ya sha hannu. Ya hau ƙirji, ya tsaya a maƙogwaro ya huta. Na ce a ba ni ruwa. Aka ba ni kofin rasit, na kurɓa. Ya ƙaraso kan harshe. Na ja numfashi, na buɗe baki.

Ƙar, ƙar, ƙar.

Jan kan ya duba ƙarƙashin tebur. Ƙarar ta ƙaru, ta cika ofishin, benen ya fara naɗewa hawa-hawa.

Ƙar, ƙar, ƙar. Cokali ne a gindin tukunya. Rumasa'u ce a bakin ƙofar ɗakina tana kankare ƙanzon tuwon jiya. Gari ya waye, na koma barci bayan asuba ban sani ba. Ina kwance a gefen hagu, bakina a buɗe, abin yana nan a kan harshena bai koma ba.

"Haladu," na ce.

Cokalin ya tsaya.

"Inna, da wa kike?"

"Da babanki. Ki gama ki sa mayafi, ki kira Baffanku. Ba sai ya zo ba, mu same shi a ƙofar banki."

Sannan na ji cokalin ya ci gaba.